Kafin ka ɗora masa sirdi: yadda zaka gyara wa duƙushi balans tun daga ƙasa

Jama'a masu harkar dawaki barkanmu da warhaka, yau maganar duƙushi zamu yi, ɗan dokin nan da ka siyo a Maigatari ko Mai'adua ko kuma goɗiyarka ce ta haifa maka, ya kai shekara biyu zuwa uku, jiki ya fara cikowa, gashi ya kwanta yana ƙyalli, abokai sun fara zuga ka wai ai wannan ya isa hawa bana da shi zaka fita hawan Sallah. Kafin ka biye musu ka sa yaro ya ja maka shi kai kuma ka koma gefe ka zuba ido. In kaga yana yawan tuntuɓe a fili babu ko tsakuwa, in zai juya sai ya faɗo da kafaɗa ciki kamar zai kife, in mai jan ya tsaya shi bai iya tsayawa sai ya bangaje shi ko ya take masa ƙafa, in an ɗaga masa ƙafa ɗaya za a duba kofato sai ya sakar wa mutum duk nauyinsa, to malam wannan ba iskanci bane ba kuma taurin kai bane, balans ne babu. Jikinsa ma bai iya ɗauka ba tukunna, balle ƙato da sirdi da jalala da sauran tarkacen ado.

Dalilin kuwa a halittarsa yake. Doki ko a tsaye yake kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba yake, na baya 40 kawai suke ɗauka, saboda kai da wannan dogon wuyan duk gaba suka rinjaya. Shi duƙushi abin nasa ya ma fi haka, don girmansa ba tare yake tafiya ba, wani watan zaka ga kuturi ya fi kafaɗa tsawo, bayan wasu watanni gaban ya kamo shi, sai bayan ya sake wucewa, duk lokacin da bayan ya fi tudu kuwa nauyi gaba yake ƙara zubowa. Kamar baro ne da aka jibge wa kaya a kan tayar gaba, tura shi ba wuya amma juya shi ko tsayar da shi a gangara shine aiki. Duk abinda zamu yi a ƙasa manufarsa ɗaya ce, ya koyi shigo da ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa su karɓi wani abu daga nauyin, gaban ya yi sauƙi.

Sannan ga maganar ƙashi wadda yawancinmu bama son ji. Ƙasusuwan ƙasan ƙafa su suke fara gama girma, na gwiwa sai wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi, amma na gadon baya inda zaka zauna ɗin su ne na ƙarshe, sai doki ya kai wajen shekara 5 zuwa 6 suke gama ƙwari. Wannan bai hana a fara hawansa sama-sama kafin nan ba, amma dai ya ishe ka dalilin da zai sa kar ka yi gaggawa, kuma aikin ƙasa baya ɗora masa nauyin komai sai nasa.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu nan musamman. Dokinmu na cikin gari a turke yake wuni a turke yake kwana, wani ma da dabaibayi, duniyarsa taku uku ce gaba taku uku baya. Ɗan dokin da ya tashi a daji yana bin uwarsa kiwo yana hawa tudu yana tsallake kwazazzabo ƙasa ce take koya masa inda zai sa ƙafa, ba sai an koya masa ba. Wanda ya tashi a barga kan siminti bai samu wannan makarantar ba, shi yasa zaka ga doki mai kyau mai tsada amma in ya fito fili tafiyarsa a birkice. In kana da inda zaka sake shi ya yi ta tumami shi kaɗai ko awa ɗaya ne a rana, wallahi ka riga ka yi rabin aikin.

Abinda zaka fara dubawa

Kofato tukunna. In ya yi tsawo ya baje gaba, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, babu horon da zai hana shi tuntuɓe, a kira mai yankan kofato wanda ya san aikinsa ya daidaita, kuma a riƙa maimaitawa duk sati 6 zuwa 8. Ka duba ko yana ɗingishi ko da kaɗan ne, ka shafa ƙafafun ka ji ko akwai inda ya fi zafi ko ya kumbura. In ya rame ko tsutsar ciki ta cinye shi, abinci da magani ne gaba da komai, dokin da bai da tsoka a cinya da me zai ɗauki nauyi. Kuma in kaga bayansa yana tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, yana jan bakin kofaton baya a ƙasa, in ya juya ƙafafun su harɗe, wannan ba na mai horo bane na likitan dabbobi ne, kar ka ɓata lokaci.

Kayan aiki ba wasu masu yawa bane. Ragama mai kyau wadda ta zauna masa daidai bata goge masa fuska, igiyar ja mai kamar mita 3 zuwa 4, wata doguwa mai mita 7 zuwa 8 don zagaye, sai tsumagiya doguwa wadda aikinta nuni ne da taɓawa, ba duka ba. Linzami ka rataye shi a ƙusa, babu aikinsa a nan, balle irin namu na gargajiya mai kaifi, in ka sa shi a bakin duƙushi yana cikin fama da famfarar haƙori, don daga shekara 2 da rabi suke fara zubar da na yarinta, to ka koya masa cilla kai sama da ƙage baya, kuma wannan shine kishiyar abinda muke nema. Kai kuma dan Allah ka sa takalmi rufaffe, silifas da kofato basa shiri, kuma kar ka taɓa naɗe igiya a hannu ko a yatsa, ninka ta zaka yi ka riƙe yadda in ya fizga zata zare ta tafi ba da hannunka ba.

Wuri kuma ka nemi fili mai laushi wanda ba santsi, yashi kaɗan yana da kyau amma ba mai zurfin da ƙafa zata riƙa nutsewa ba don yana wahalar da jijiya. Da sassafe ko bayan la'asar, musamman a bazara, ka guji tsakar rana. Da damina in wurin ya yi taɓo a haƙura ranar.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta

Ka matsa kaɗan, ya amsa, ka saki nan take. Shikenan. Doki ba daga matsin yake gane abu ba, daga sakin yake ganewa, duk abinda yake yi a daidai lokacin da ka sassauta igiya shi zai ɗauka a matsayin amsar da kake so. In ka ja shi baya ya ɗaga ƙafa ɗaya ya mayar kai kuma ka ci gaba da ja don kana son taku biyar, to ka gaya masa wannan takun ba daidai bane, gobe bazai ba ka ko ɗaya ba. Ka fara da matsi mafi sauƙi, in bai amsa ba ka ƙara kaɗan, in ya amsa ka saki ka bar shi ya tsaya ya numfasa. Zaka ga ya sauke kai, ya lashi baki, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, to jikinsa ya saki kenan kana iya sake tambaya.

Ja da tsayawa

Kowa gani yake ya iya jan doki, amma yawanci ko dai mutum ne yake jan dokin kamar akuyar da za a kai kasuwa ko dokin ne yake jan mutum. Ka tsaya daidai tsakanin kansa da kafaɗarsa, igiya da ɗan sako-sako, ka ce masa "mu je" ka taka. In ya noƙe kar ka juyo ka fuskance shi kana ja, miƙa tsumagiya zaka yi ta bayanka ka taɓa masa gefen ciki, tafiyar ta taso daga baya. Ku yi taku goma sha, sai ka miƙe ƙirji ka rage taku ka ce "tsaya" da murya mai sanyi, in ya wuce ka ka ɗan matsa ragamar ka saki, ka matsa ka saki, ba ka rataya a jiki ba, don in ka rataya shi ma jingina zai yi da hannunka kuma ya fi ka ƙarfi. Kalmar da ka zaɓa kar ka canza ta, kuma yaron barga ma ita zai riƙa faɗa.

Wannan tashi da tsayawar ita ce asalin maganin. Duk lokacin da ya tsaya da kansa ba tare da ya faɗo kan ragama ba sai da ya mayar da nauyi baya kafin ya iya. In ya gane sai ka fara wasa da saurin tafiyar, taku biyar a hankali ƙwarai kamar masu rakiyar amarya, taku biyar da hanzari, ka sake ragewa. Tafiya a hankali ta fi wuya a wurin doki mara balans, shi gudu yake so don da gudu yake tare faɗuwarsa. Kuma duk abinda ka yi ta hagu ka koma ta dama ka yi. Mun saba komai ta hagu, ɗaura sirdi ta hagu hawa ta hagu ja ta hagu, sai dokin ya tashi a karkace, ranar farko da zaka ja shi ta dama zaka ga ya rikice kamar bai taɓa ganinka ba, kar ka damu ka ci gaba.

In ya tsaya ka leƙa ƙafafunsa. So ake su tsaya huɗu daidai, biyun gaba a jere biyun baya a jere, ba ɗaya can baya kamar an manta da ita ba. Ka taɓa wadda ta yi saura da tsumagiya a hankali har ya ɗaga ya gyara, ka yaba masa. Kar ka mayar da wannan abin faɗa, in uku sun daidaita yau ka karɓa.

Ja da baya

Ka tsaya gabansa amma ɗan gefe, ba saitin hancinsa ba, don doki baya ganin abinda ke daf da goshinsa sosai kuma in ya zabura ta kanka zai bi. Ka ɗan matsa igiya wajen ƙirjinsa, ɗaya hannun ko tsumagiya ta taɓa ƙirjin, ka ce "baya". Ko jikinsa kawai ya rinjayar baya bai ɗaga ƙafa ba, a ranar farko ka saki, ya yi. Daga nan taku ɗaya, biyu, har zuwa huɗu ko biyar, bai kamata ya wuce haka ba a farko.

Abin lura a nan shine yadda yake yi, ba yawan takun ba. Ja da baya mai kyau ƙafafu bibbiyu suke tashi a gicciye, ta gaba ta dama tare da ta baya ta hagu, sannan ta gaba ta hagu tare da ta baya ta dama, yana ɗaga su yana ajiyewa, kai a ƙasa-ƙasa, gadon baya ya ɗan taso. In kaga ya cilla kai sama, baya ya lotsa, yana jan ƙafafu a ƙasa suna tada ƙura, to tsoro ne yake korarsa baya ba koyo ba, ka rage matsi ka koma taku ɗaya. In yana karkacewa gefe ɗaya ka yi a jikin katanga, katangar ta tare ɓangaren da yake gudu. Daga baya sai ka haɗa, baya taku uku, tsaya, sai gaba da kuzari. Wannan haɗin yana gina cinya sosai.

Kautar da kuturi da kafaɗa

Wannan ita nafi so a duk cikinsu don a ido kake ganin aikin yana shiga. Ka tsaya wajen kafaɗarsa ta hagu, ka ɗan karkato kansa wajenka kaɗan, kaɗan fa, iya yadda zaka hango gefen idonsa, sai ka sa yatsu a gefen cikinsa bayan inda majanyi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, yake zama, ka danna. So ake kuturin ya matsa dama, ƙafar baya ta hagu ta shigo ƙarƙashin ciki ta gitta ta GABAN ta dama. Ka sunkuyar da ido ka kalli ƙafar nan da kyau, in ta bayan 'yar'uwarta ta bi to baya yake gudu, in gefenta kawai ta zo ta tsaya to bai gitta ba, ka ɗan sa shi ya taka gaba sannan ka sake tambaya yana cikin motsi, ya fi sauƙi a haka. Ranar da ta gitta daidai zaka ga cinyar ta lanƙwashe, kuturin ya ɗan sauko, kofaton ya sauka can ƙarƙashin cibiya, to wannan takun shine duk abinda muke ta magana a kai tun ɗazu. Taku ɗaya ka saki. Taku biyu zuwa uku kowane gefe ya isa. Ka tsaya kusa da kafaɗa fa kar ka zame baya inda harbi zai same ka.

Kautar da kafaɗa ta fi wahala, ka bari sai ya iya ta kuturin. Hannu ɗaya a gefen fuska ɗaya a kafaɗa, ka tura gaban ya zagaya, bayan ya tsaya kusan wuri ɗaya. Bazai iya ɗauke ƙafar gaba ya gitta ba sai ya fara zama kan na baya, shi yasa dabara ita ce ka fara neman rabin takun baya sannan ka tura kafaɗar. Duk dokin da zaka gani a filin folo a Kaduna ko Katsina yana juyawa kamar walƙiya, daga irin wannan takun guda ɗaya aka faro.

Itace a ƙasa

Ka samo sanduna masu kauri, irin itacen turaren nan da magina suke kafa abin hawa da shi ya yi, tsawon kamar mita 3, a kankare duk wani tsini da ƙusa. Bututun roba mara nauyi bana son shi don in ya taka yana mirginawa ko ya fashe ya yanke shi. Ka fara da guda ɗaya, ka bar shi ya sunkuya ya shinshina ya yi hucinsa, kar ka hana shi, sauke kan nan da yake yi yana kallon ƙasa shi kansa riba ne. Ku tsallake tare ta tsakiya. In ya daka tsalle kamar ya ga maciji ba komai, ku zagayo ku sake har ya zama ba labari.

Sai ka ƙara su zama uku, daga baya huɗu ko biyar. Tazarar tafiya kamar santimita 75 zuwa 90 ce, in babu abin awo ka jera tafin ƙafarka uku dunduniya na taɓa yatsa, kusan haka ne. Ta sassarfa kuma kamar mita 1.2 zuwa 1.3, tafin ƙafa huɗu da rabi kenan. Amma dokin ne ma'auni ba tef ba, ɗan Arewa gajere takunsa ba ɗaya yake da dogon ɗan Sudan ba, ka duba inda kofato yake sauka, in a tsakiyar sandunan ne to daidai, in yana miƙewa da ƙyar ka matso da su, in yana takurewa ka buɗa. Kar ka ja masa kai sama a kan sanduna, ba shi igiya ya kalli abinda yake takawa, in ya buga ya ji ƙwas shi zai gyara da kansa a zagaye na gaba. In ya ƙware kana iya ɗora bakin sanda ɗaya kan bulo ya ɗan tashi, ko ka jera biyu su yi lungu ka sa shi ya bi ta ciki gaba da baya, ko ka tsayar da shi sanda na tsakanin ƙafafun gaba da na baya ya ɗan jima a haka. Wannan ta ƙarshen kamar wasa amma zaka sha mamakin yadda take rikita su.

Zagaye da doguwar igiya

A nan ne aka fi ɓata dawaki, don haka bari in ɗan daɗe. Abinda aka saba gani shine yaro ya tsaya a tsakiya da guntuwar igiya da bulala yana ta korar doki a guje yana kewaya ɗan ƙaramin wuri har sai ya jiƙe sharkaf, wai ana cire masa ƙarfi. Ka kalli dokin a lokacin, jikinsa ya kwanto ciki, kansa yana kallon waje, duk nauyi a kan ƙafar gaba ta ciki, wato ainihin abinda kake son ka raba shi da shi shi kake koya masa, ga kuma gaɓoɓin da basu gama ƙwari ba suna shan murɗa. Kuma ƙarfin ma ba cirewa kake ba, ƙara masa kake, wata ɗaya a haka zaka samu doki mai dogon numfashi da rashin ji.

Yadda ya kamata, da'irar ta zama babba, faɗinta mita 15 ko fiye, in igiyarka bata kai ba kai ma ka riƙa takawa kana yin ƙaramar da'ira a ciki. Hannu ɗaya igiya tana nuna hanya, ɗaya hannun tsumagiya tana nuna kuturi, kai kana saitin bayan kafaɗarsa kaɗan, in ka wuce gaba zai tsaya ko ya juyo, in ka koma baya zai ƙara gudu, da tsayuwarka kake tuƙa shi. Da tafiya za a fara, har sai ya iya kewayawa igiya da ɗan sako bai ja waje ba bai faɗo ciki ba. In ya faɗo ciki ka nuna kafaɗarsa da tsumagiya ka tura ta waje. Sannan sassarfa, rabin zagaye ko zagaye ɗaya, ka dawo da shi tafiya, ka sake. Sauyin nan shine maganin, ba yawan zagayen ba, sauyi goma a minti biyar ya fi zagaye hamsin a guje amfani. Minti 5 kowane gefe a farko, ko ya saba kar duka ya wuce minti 15 zuwa 20, kuma ba kullum ba, sau biyu ko uku a sati. Sukuwa a da'ira ka manta da ita sai sassarfar ta nutsu, kai ya sauko, takun ya zama ɗaya kamar ana kiɗa.

Zaka lura gefe ɗaya ya fi masa sauƙi, kusan duk doki haka yake kamar yadda mutum yake da hannun da ya fi. Ka fara da mai sauƙin, ka koma mai wuyar, kar ka ninka masa aiki a mai wuyar don haushi, tsokar wajen ce bata miƙe ba kuma ba a rana ɗaya take miƙewa ba. Maganar ɗaure masa kai da igiya zuwa ƙirji ko majanyi don wuya ya lanƙwashe ya yi kyau a hoto, ni dai bana goyon baya ga duƙushi. Da wuyan yake daidaita kansa in zai faɗi, ka ɗaure shi ka ƙwace masa abin kama jiki, kuma wuyan da aka lanƙwasa da igiya ba shi yake nuna baya yana aiki ba. In bayan ya shigo, wuyan da kansa zai sauko ya yi wannan bakan da kake so.

Ku fita waje

Wannan ita ce mafi arha kuma mutane sun fi raina ta. Ka ja shi a hannu ku shiga gari ku fita bayan gari, ya taka yashi ya taka tsandauri ya taka burji, bayan an gama girbi ku ratsa gona ku gitta kunyoyi a hankali, da rani ku sauka cikin busasshen rafi ku hau gaɓa. Hawa tudu yana sa baya ya tura, gangara kuma tana sa baya ya riƙe, kuma gangarar ce ta fi koyarwa in dai a hankali aka yi ta. Ka tsayar da shi a tsakiyar gangara ya tsaya cak na ɗan lokaci sannan ku ci gaba, in ya saba ka nemi takun baya ɗaya ko biyu yana hawa tudun da baya, mara tsayi sosai fa. A hanya kuma yana sabawa da babur da Keke Napep da yara da ledar da iska ke kaɗawa, wanda duk zai gamu da su ranar hawa, ga kalangu da bindiga a kai.

Akwai kuma miƙa jiki da karas, yana tsaye ka sa shi ya bi karas ɗin da baki zuwa ƙirji, zuwa tsakanin gwiwoyi, zuwa gefen ciki hagu da dama, ya riƙe kamar daƙiƙa biyar ƙafafu basu motsa ba. Yana ƙarfafa ƙananan tsokokin da ke riƙe gadon baya. Sai dai in naka ɗan ingarma ne mai son cizo ka bar wannan, kar garin gyaran baya ka koya masa kai wa hannu hari. Ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya kullum lokacin share kofato shi ma horo ne, in ya jingino kar ka tallafe shi, ka ɗan kauce ya ji zai faɗi ya ɗauki kayansa.

Yaya zaka tsara, kuma yaya zaka san ana ci gaba

Minti 15 zuwa 20 a rana, kwana huɗu ko biyar a sati, ka riƙa cakuɗawa, yau ja da baya da kautar da kuturi, gobe sanduna, jibi yawo bayan gari, ba duka a rana ɗaya ba. Hankalin duƙushi gajere ne. In kaga ya fara buga sandunan da ɗazu yake tsallakewa lafiya, ko ya fara kaɗa wutsiya da ƙarfi yana cizon igiya, ya gaji, ka nemi abu ɗaya mai sauƙi da ya iya ya yi maka ka mayar da shi. Wani satin kuma zaka ga kamar ya manta komai, ka duba kuturin, sau da yawa wani sabon tsawo ya ƙara, ka sassauta masa har gaban ya kamo. Tsoka kuwa sai an yi wata biyu zuwa uku ana yi kafin ka ga ta fara canza siffa, don haka wanda ya fara saura sati biyu Sallah ya makara, ba a fafe gora ranar tafiya.

Gwajin da nake ba kowa shawara, ka samu wuri mai yashi ka share shi da tsintsiya ya yi sumul, a ja dokin ya ratsa a miƙe, sai ka tsuguna ka karanta sawun. Ka nemo sawun ƙafar gaba, ka ga inda ta baya ta wannan gefen ta sauka. In tana sauka a bayan sawun gaba to har yanzu baya yana jan jiki ne kawai, in ta faɗa cikinsa an fara zuwa, in ta wuce shi da ɗan yatsu to madalla. Ka gwada hagu da dama, in ɗaya tana wucewa ɗaya tana gazawa ka san gefen da ke buƙatar aiki, in bambancin ya yi yawa kuma a kira likita ya duba. Ka sa a ɗaukar maka bidiyo da waya daga gefe duk ƙarshen wata, don idon da yake ganin doki kullum baya ganin canji.

In ya kai yana tsayawa da murya igiya a sake, yana ja da baya taku biyar a miƙe, yana gitta ƙafar baya ta kowane gefe, yana sassarfa a da'ira bai kwanto ba, to sai a kawo sirdi. Shi ma ba hawa za a yi ba, a ɗora a ɗaure majanyi a hankali rami-rami, a ɗaure likkafu kar su riƙa dukan cikinsa, a sake bin duk waɗannan abubuwan daga farko da sirdin a bayansa na sati biyu ko uku, don sirdinmu na gargajiya ba ƙaramin nauyi gare shi ba. Bayan nan a samu mara nauyi wanda ya iya zama ya fara hawa, wani yana riƙe da igiya a ƙasa yana ba da umarnin da dokin ya riga ya sani. Zamiya da tsayuwa da ƙafa biyu a gaban jama'a kuwa a bar su sai ya haura shekara biyar.